Ceto Bayanai Daga Faifan Kwamfuta Mai Ciwo

(Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a garin Shagari)



An nemi mu yi magana a kan abin da ya kamata mutum ya yi idan faifan ajiya na kwamfutarsa ya fara ciwo, alhali kuwa dukan aikinsa yana ciki. Watakila wani ya ce ai wannan zancen masu gyara ne, me ya kawo shi zauren taro? To, dalili kuwa shi ne sau da yawa kafin kwamfuta ta kai hannun mai gyara, mai ita ya riga ya ƙarasa faifan da hannunsa, cikin sa'o'in farko da ya ga alamar ciwo hankalinsa ya tashi. Ku dubi abin da ke kwance cikin kwamfutocin garin nan da na Boɗinga. A ofisoshin ƙaramar hukuma akwai jerin sunayen ma'aikata da albashinsu da takardun masu jiran fansho. A makarantu akwai sakamakon jarrabawar yara na shekara da shekaru. A jakar ɗan'uwanmu ɗalibi akwai kundin bincikensa na shekarar ƙarshe, wanda ya sha hanyar Sakkwato ya fi a ƙirga kafin malaminsa ya amince da babi na uku. Akwai kuma muryoyin tsofaffinmu da aka ɗauka, waɗansunsu sun riga mu gidan gaskiya, ba sauran inda za a sake samun muryar.

Maganarmu a yau guda ɗaya ce, ita za mu yi ta jujjuyawa. Faifan da ya fara ciwo ba a taɓa shi da gyara. Kwafe shi ake yi dungum zuwa wani faifai mai lafiya, sa'an nan duk gyaran da za a yi a yi shi a kan kwafin.

Kafin mu shiga zancen gadan-gadan, ya kamata mu san yadda abin yake a ciki. Wanda ya san garmaho ya sami rabin bayani. Cikin akwatin ƙarfen nan akwai faranti ɗaya ko fiye, an shafe su da sinadari mai riƙe maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, watau sau 90 ko 120 a daƙiƙa. A kan kowace fuska ta faranti akwai allura mai karatu da rubutu. Sai dai allurar garmaho tana tafiya ne a jikin faifai, ita kuwa wannan shawagi take yi a kan iskar da juyawar farantin ke tayarwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce nanomita kaɗan ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu 50 ko fiye. Saboda haka kwamfutar da ta faɗi daga kan tebur tana kunne, ko aka buga ta a bayan babur faifan bai gama tsayawa ba, allurar na iya karce farantin, ɓurɓushin da ya fita kuma ya ci gaba da yawo a ciki yana ƙara ɓarna. Faifan farko da ya shiga kasuwa, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956, farantai 50 gare shi, faɗin kowanne inci 24, dukansu kuma haruffa miliyan 5 kawai suke ɗauka. Na yau ya shiga aljihu, ya ninka wancan sau dubun dubata, amma tsarin aikin bai canza ba, rauninsa ma haka.

An yanka fuskar farantin gida-gida, mu kira kowane gida gurbi. Gurbi ɗaya yana ɗaukar bayit 512, a sababbin faya-fayai kuwa 4,096. Faifai mai gigabayit 500 yana da gurabe kusan miliyan 977 idan aka yi lissafi da na 512. Idan gurbi ya lalace, faifan da kansa yana da waɗansu na ajiya da yake mayar da bayanin cikinsu, kuma yana riƙe da lissafin abin da ya same shi. Wannan lissafi shi ake kira S.M.A.R.T., ana kuwa iya karanta shi da manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo. Layi uku ne abin kulawa: na 5, wanda ke ƙirga guraben da aka riga aka canza, na 197, masu jiran a canza su domin an kasa karanta su, da na 198, waɗanda suka gagara. A 2007 injiniyoyin kamfanin Google sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan faya-fayai fiye da dubu 100. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi ɗan'uwansa mai lafiya yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan a cikin wannan lissafi. Ashe ke nan idan lissafin ya yi kuka a gaskata shi, idan ya yi shiru kuma kada a saki jiki.

Mu ɗan yi ratse a nan game da ƙura, domin muna yawan jin ana cewa hazon hunturu ne ke shiga faifai ya kashe shi. Akwatin a rufe yake, 'yar kafar da yake shaƙar iska kuma tana da matata. Abin da ƙura ke yi shi ne toshe fankar kwamfuta, zafi ya taru a ciki. A ƙasarmu ta Sakkwato, inda zafin Maris da Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a inuwa, tsohon faifai cikin kwamfutar da fankarta ta toshe yana cikin wahala. Haɗa wannan da ɗaukewar wuta ba sanarwa, da janaretan da wutarsa ke hawa da sauka.

Ciwon faifai ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin irinsa shi ne matakin farko. Wani faifan lafiyarsa ƙalau, jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne kawai ya rikice, ko kuwa an goge abu bisa kuskure. Wani kuma gurabensa ne suka fara ruɓewa: kwamfuta ta riƙa nauyi, ta sandare idan an buɗe wani fayil, kwafin da ya kamata ya ɗauki minti ɗaya ya tsaya cak a tsakiya. Waɗannan biyu su ne maganarmu ta shafa. Na uku shi ne wanda ake jin yana ƙwas-ƙwas a kai a kai, ko yana ƙarar gurzawa, ko ya ƙi juyawa sam. Wannan ciwon ƙarfe ne, ba manhajar da ke maganinsa. A kashe kwamfutar nan take, domin kowace kunnawa ƙarin karcewa ce.

To, me mutane suka saba yi? Wani ya yi ta kashewa yana kunnawa ko Allah zai sa a dace. Wani ya bar manhajar Windows mai suna chkdsk ta yi gyaranta, ita kuwa damuwarta ta daidaita jadawali ne, tana rubutu a kan faifan, tana iya datse fayil ɗin da ake ƙoƙarin ceta domin jadawalin ya tafi daidai. Wani ya sauko da manhajar ceto daga intanet ya girka ta a kan faifan nan mai ciwo, ta zauna a kan guraben da abin nemansa yake. Akwai masu bubbuga shi, akwai masu sa shi cikin firji, ya fito raɓa ta kwanta masa. Akwai masu kwance murfinsa da sukuddireba a bakin titi su leƙa. Mafi muni a ganinmu shi ne mai gyaran da ba ya tambayar abin da ke ciki, ya share faifan ya sake zuba Windows, ya miƙo kwamfuta tana aiki yana jiran godiya. Ko kwafin da aka saba yi, na jawo fayil ɗaya bayan ɗaya, yana da illa a nan, domin yana sa allura kai da kawowa, kuma idan ya ci karo da gurbi mara kyau sai ya tsaya a kansa yana ta maimaitawa, ƙarfin da ya rage wa faifan ya ƙare a wuri ɗaya, alhali ga miliyoyin gurabe masu kyau can gaba ba a kai gare su ba.

Jama'a, dabarar da ta dace ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana cikin ƙasar Boɗinga, nan kusa da mu. Ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna a wancan zamani kafin komawarsa Gwandu, a 1813 kuma ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin littafin Tazyinul Waraƙati. Takardar wancan lokaci ta ƙetaro hamada ne, tana da tsada, ga gara, ga yoyon damina, ga gobara. Abin da ya kawo mana littattafansu har yau shi ne kwafa. Mai kwafa na kirki idan ya aro tsohon littafi ba ya bin kan rubutun da alƙalami wai yana gyarawa. Yakan juye shi ne a sabuwar takarda daga farko zuwa ƙarshe, inda gara ta ci kuwa, bisa al'adar masu kwafar littattafan Larabci, ya bar wurin fari ya yi alama a gefe, sai ya sami wani kwafin ya cike. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara irin waɗannan rubuce-rubuce masu yawa, ma'adanar tarihi ta Sakkwato ma sunansa take ɗauke da shi. Haka nan cibiyar da John Hunwick ya kafa a Jami'ar Ibadan a 1964 ta riƙa ɗaukar hoton littattafan malamai shafi-shafi a ƙaramin fim, domin masu bincike su yi aiki da hoton, asalin ya huta.

Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da ɗaukar hoton faifai. Manhajar ba ruwanta da sunan fayil ko muhimmancinsa. Gurbi na farko take karantawa ta rubuta shi a wani wuri, ta bi na biyu, har zuwa na ƙarshe, a sami fayil guda ƙato wanda yake tamkar faifan ne sak, da jadawalinsa, da abin da aka goge, da wuraren da babu kome. Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa. Clonezilla, wadda aka rubuta a Taiwan, tana da kyau ga faifai mai lafiya. Amma ga mai ciwo, wadda muka fi amincewa da ita ita ce GNU ddrescue, manhajar kyauta da Antonio Diaz Diaz, mutumin Sifen, ya fitar a 2004.

Hikimarta ita ce ta fara da mai sauƙi. A zagayen farko tana ɗibar gurabe da yawa a lokaci ɗaya, da zarar ta ji wuri ya yi tauri ko ya ƙi karantuwa sai ta tsallake can gaba, kamar manomin da hadari ya taso masa yana girbi, ya fara kwashe damman da ke fili kafin ya koma tsintar zangarniyar da ta zube. Idan ta kai ƙarshe ta juyo da baya ta bi wuraren da ta tsallake. Bayan haka sai ta zo bakin kowane wuri mara kyau, ta riƙa matsowa gurbi ɗaya ɗaya daga gaba har ta ci karo da wanda ya ƙi, ta zagaya ta matso daga baya haka nan, ramin ya ƙanƙance. Sa'an nan ta shiga tsakiyar ramin tana gwada kowane gurbi shi kaɗai. Daga ƙarshe, idan an umarce ta, ta sake gwada waɗanda suka ƙi sau biyu ko uku. Masu hankali sukan hana ta shiga tsakiyar ramuka a karon farko, da umarnin harafin n, sai an tabbata an kwashe mai yawan, sa'an nan a dawo da umarnin harafin r a faɗa mata sau nawa za ta maimaita.

Abin da ya fi dacewa da halinmu a Shagari kuwa shi ne taswirarta. Duk tsawon aikin tana rubuta wani ɗan ƙaramin fayil da ke nuna gurabe kaza an samu, kaza sun ƙi, kaza ba a gwada ba tukuna, daidai da alamar da mai kwafa ke yi a gefen takarda. Faifai mai lafiya na gigabayit 500 ana iya ɗauke hotonsa cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka, mai ciwo kuwa yana iya cin kwanaki. Wa zai ba mu tabbacin wutar kwana uku ba yankewa? Da taswira, idan wuta ta ɗauke ko man janareta ya ƙare, ana dawowa aka ba da umarnin nan da taswirar nan, sai ta ɗora daga inda ta tsaya, ba ta sake wahalar da faifan a kan abin da ta riga ta samu. Wanda ya fara aikin nan ba taswira ya yi ganganci babba. Duk da haka a nemi wutar rana ko batir mai riƙe wuta idan da hali, domin yankewar wuta farat ɗaya ba ta yi wa majinyacin faifai daɗi, kuma ba a da tabbacin zai sake tashi. A kuma sa masa fanka, kada a yi aikin a ɗakin kwano da tsakar rana.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar faifai mai lafiya wanda sararinsa ya fi girman mai ciwon gaba ɗaya, ko da abin da ke cikin mai ciwon kaɗan ne, domin hoton ba ya barin gurbi. Ana bukatar filashi da aka zuba wa SystemRescue, wani nau'in Linux ne da ke tashi daga filashi, ddrescue na cikinsa. Amfanin tashi daga filashi shi ne kada Windows ta sami damar yin rubutu a kan majinyacin. Idan zai yiwu a haɗa faifan kai tsaye da wayar SATA cikin kwamfutar tebur ya fi, domin akwatunan USB masu araha sukan sandare idan faifai ya daɗe bai amsa ba. Wurin da hatsari yake shi ne sunaye. Linux tana kiran faya-fayai sda, sdb, sdc, kuma a umarnin ddrescue mai ciwo ake fara ambata, sai inda za a zuba, sai taswira. Wanda ya juya su ya zuba faifan da babu kome a kan aikinsa, ya shafe shi da hannunsa. Manhajar takan ƙi rubutu kai tsaye a kan faifai sai an tilasta ta da harafin f, amma wannan ba ya hana mai gaggawa. A duba girma da lambar kowane faifai sau biyu, a kira aboki ya duba na uku. Hoton da taswirar kuwa, ba sai an faɗa ba, ba a ajiye su a kan mai ciwo.

Idan hoto ya samu, a cire tsohon faifan a ajiye, a yi wa hoton kwafi na biyu idan akwai sarari, sa'an nan a fara bincike. Sau da yawa hoton yakan buɗe lafiya, a kwashe fayiloli kamar ba abin da ya faru. Idan jadawali ya rikice, TestDisk ta Christophe Grenier, mutumin Faransa, tana iya gano iyakokin da suka ɓace. Idan jadawalin ya tafi gaba ɗaya sai 'yar'uwarta PhotoRec, wadda ke bin gurabe tana gane fayil daga kamannin farkonsa, iri fiye da 400. Amma fa za ta zubo su ne ba suna ba tsari. Littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne cikin gafaka, a ƙasan shafi ake rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa domin kada jeri ya ɓace. Ku ƙaddara gafaka goma sun zube wuri ɗaya kuma gara ta cinye waɗannan kalmomi na ƙasa. Haka aikin PhotoRec yake fitowa, sai mutum ya zauna ya buɗe dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana neman babi na uku.

Akwai iyaka ga abin da za mu iya da hannunmu. Faifai mai ƙwas-ƙwas sai ƙwararrun da ke da ɗaki marar ƙura da kayan canza allura, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba ne. Abin da suke iyawa yana da ban mamaki. Kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sararin Texas ran 1 ga Fabrairu 2003, aka tsinci wani faifai a ƙone cikin tarkacensa, kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ke ciki, har aka buga sakamakon gwajin kimiyyar da ke kansa a 2008. Amma waɗansu faya-fayai biyu daga kumbon nan ba a sami kome cikinsu ba, zafi ya kashe maganaɗisun. Sa'an nan yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba faranti gare su ba, ma'ajiyar SSD ce, wadda ba ta juyawa, ba ta ƙara, takan mutu farat ɗaya, abin da aka goge a cikinta kuma takan share shi da kanta ba da daɗewa ba. Idan kuma an kulle faifai da BitLocker, kamar yadda Windows 11 ke yi a kwamfutoci da yawa, hoton ba zai buɗu ba sai da mabuɗinsa mai lambobi 48. A nemo shi tun ana lafiya a rubuta a takarda.

Ga yayyenmu ma'aikata akwai magana ta musamman. Hoton faifan ofis ya ƙunshi kome da kome, har wasiƙun da aka goge bara, da lambobin asusun banki na mutanen da ba su san an kwafe su ba. Wannan amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Kada ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki faifan ofis ya kai shago bisa ra'ayin kansa, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. A sami izinin shugaban sashe a rubuce, a rubuta wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa, a tsaya a kan aikin, a kuma tabbata mai gyara bai bar kwafi a kwamfutarsa ba.

Saura tsohon faifan. Kada a sake zuba masa aiki don an ga ya farfaɗo, kuma kada a yi hanzarin rabuwa da shi. A naɗe shi, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a ajiye har sai mai bayanan ya buɗe fayilolinsa ya tabbatar da su, domin wanda taswira ta nuna rami a cikinsa yana iya buɗewa amma da shafi a ɓace. Bayan an tabbata, idan na ofis ne ko yana da sirrin iyali, ba a sayar wa 'yan gwangwan da shi yadda yake. A kwance shi a huda farantan, ko a farfasa su da guduma.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Mun zo da filashi mai SystemRescue da wani tsohon faifai, duk mai son ganin yadda taswirar take cika yana iya matsowa gaba bayan an tashi.